Firefox 65 da Manhajojin Riga-kafi: Nazarin Yadda Aka Bi Diddigin Kuskuren Takardar Shaida a Bugzilla

A ranar 29 ga Janairun 2019 Mozilla ta fitar da zubi na 65 na burauzarta ta Firefox, kuma tun kafin mako ya zagayo, wasu daga cikin masu amfani da ita a kan Windows suka fara kai ƙorafi cewa ba sa iya buɗe shafukan da ke da tsaro. Duk adireshin da ya fara da https, na Google ne ko na banki ko na ita Mozilla ɗin kanta, sai burauzar ta tsaya cak ta nuna gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne, a ƙarƙashin gargaɗin kuma ga lambar kuskure SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne, a kan kwamfutar guda, a kan layin intanet guda, Chrome da Edge suna buɗe waɗannan shafuka ba tare da wata tangarɗa ba. Lamarin ya yi ƙamari har Mozilla ta dakatar da aika sabon zubin kai tsaye zuwa kwamfutocin Windows na ɗan lokaci, kuma a rumbun rahoton kurakuranta, wato Bugzilla, aka rubuta wannan shawara.

Wannan nazari ya bi lamarin ne ta fuskar ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin wani ofis, wanda ya wayi gari da wannan gargaɗi a kan na'urori da yawa, kuma aka ɗora masa alhakin gano ko laifin na shafukan ne, ko na burauza, ko kuwa wani ne ya shiga tsakani yana leƙen abin da ake aikawa.

Abin da lambar kuskuren take faɗa, da abin da ba ta faɗa

Idan burauza ta haɗu da shafi mai https, uwar garken shafin tana miƙo takardar shaida wadda ke ɗauke da sunan shafin, da ranar da ta fara aiki da ranar ƙarewarta, da sa hannun hukumar da ta ba da ita. Ita ma wannan hukuma wata ce ta sa mata hannu, kuma haka ake bin salsalar har a kai ga shaidar tushe, wadda dole ne ta kasance cikin jerin waɗanda burauzar ta riga ta amince da su. Tsarin ya yi kama da takardar da mai unguwa ya sa wa hannu, dagaci ya tabbatar, hakimi ya buga hatiminsa: ofishin da aka kai wa takardar bai san mai unguwa ba, amma ya san hatimin hakimi, don haka ya karɓa. Lambar SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER tana nufin Firefox ta bi salsalar amma ba ta kai ga wani tushe da ta sani ba. Iyakar abin da take nufi ke nan.

Matsalar ita ce dalilai masu yawa, waɗanda ba su da alaƙa da juna, suna iya haifar da wannan sakamako guda. Mai shafi zai iya mantawa da haɗa shaidar tsakiya a uwar garkensa, kuma tun da Firefox ba ta fita neman shaidar tsakiyar da ta ɓace kamar yadda wasu burauzoji ke yi, sai salsalar ta yanke a hannunta alhali ta cika a hannun Chrome. Ma'aikata za ta iya kafa hukumar ba da shaida ta cikin gida wadda ba a shigar da ita cikin Firefox ba. Fayil ɗin cert9.db, inda Firefox ke ajiye shaidodin da aka ƙara mata tun daga zubi na 58, zai iya lalacewa. Sannan akwai shiga tsakani, ko na manhajar riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta, ko na bangon tsaron ofis, ko na ɓarawo. Wanda ya kwafi lambar kawai ya jefa ta cikin akwatin bincike zai samu rahotannin dukkan waɗannan dalilai a cakuɗe, kuma kowane daga cikinsu zai yi masa kama da nasa.

Shi ya sa aikin yake farawa daga kan kwamfutar, kafin a je rumbun. A shafin gargaɗin Firefox 65, idan aka danna maɓallin Advanced, lambar kuskuren tana bayyana, kuma ita kanta ana iya danna ta. Danna ta yana buɗe wani ɗan fili da ke nuna adireshin da aka nema, da layin da ke faɗa ko shafin yana ƙarƙashin dokar HSTS, wato dokar da ke hana burauza haɗuwa da shafi sai ta https, da kuma salsalar shaidodin da aka karɓa, kowace a rubuce da haruffa da lambobi a jere tsakanin layin BEGIN CERTIFICATE da layin END CERTIFICATE. Akwai maɓallin kwafe wannan rubutu duka. Idan aka ɗauki shaidar farko aka ajiye ta a fayil mai ƙarewa da .crt, aka buɗe shi a Windows, za a ga sunan wanda aka ba wa shaidar da sunan wanda ya ba da ita. A kan kwamfutocin da wannan matsala ta shafa, shaidar da ke ɗauke da sunan Google ba daga hukumar Google ta fito ba; a gurbin mai bayarwa sunan Avast Web/Mail Shield Root ne ya bayyana, wato tushen manhajar riga-kafi ta Avast, ko kuma takwaransa na AVG, domin Avast ta sayi AVG tun 2016 kuma manhajojin biyu sun koma aiki da fasaha guda. Wasu masu ƙorafin kuma sunan Kaspersky, wata manhajar riga-kafin, suka gani.

Da wannan suna guda, rabin binciken ya ƙare. Abubuwan da ma'aikacin zai riƙe a hannu kafin ya shiga Bugzilla su ne lambar kuskuren, da zubin Firefox, da sunan mai ba da shaidar, da kuma cewa matsalar ta shafi kusan kowane shafi ne ba shafi ɗaya ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin kuskuren mai shafi ba ya wuce shafinsa, amma abin da ya shafi dukkan shafuka a lokaci guda yana zaune ne a kan kwamfutar ko a kan hanyar da take bi zuwa intanet. Agogon kwamfuta da ya ɓata ma yakan shafi dukkan shafuka, sai dai lambar da yake haifarwa daban ce, mai nuna cewa shaidar ta ƙare ko lokacinta bai yi ba tukuna, don haka kallo ɗaya ga kwanan watan da ke kusurwar allo ya isa a kawar da shi.

Cikin rumbun

Bugzilla tsohuwar manhaja ce. Terry Weissman ne ya rubuta ta a 1998, shekarar da Netscape ta saki lambobin burauzarta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, ga jama'a, kuma rumbun Mozilla ya ci gaba da tara rahotanni tun daga lokacin ba tare da an share tsofaffi ba. Kowane rahoto yana samun lamba a jere, kuma zuwa ƙarshen Janairun 2019 lambobin sun haura 1,500,000. Wannan jerin kansa abin amfani ne ga mai bincike, domin girman lambar rahoto yana nuna kusan shekarar da aka shigar da shi tun kafin a buɗe shi. Rahoto mai lamba 400,000 ko 700,000 yana magana ne a kan wata Firefox da ta daɗe da shuɗewa, da wata hanyar tantance shaida da aka riga aka sauya, tun da a 2014 Mozilla ta maye gurbin tsohon injin tantancewar da sabo mai suna mozilla::pkix.

Tarko na farko yana cikin akwatin binciken gaggawa da ke saman shafin. Idan aka rubuta kalma a cikinsa, rahotannin da har yanzu suke buɗe kawai yake kawowa, alhali amsar da ake nema sau da yawa tana cikin waɗanda aka rufe. Sai an fara rubuta kalmar ALL da manyan haruffa kafin lambar kuskuren sannan ya haɗa da rufaffu. Wanda bai san wannan ba zai iya yanke hukuncin cewa ba wanda ya taɓa kai rahoton matsalarsa, ya shigar da sabo, wanda cikin awoyi za a rufe shi a matsayin maimaici. Da zarar an sa ALL kuma, sai akasin haka ya faru: jerin ya yi tsawon da ba mai iya karanta shi duka, rahotannin shekaru goma sha da suka gabata suna zaune gefe da gefe da na jiya.

Don rage wannan tarin ne ake komawa shafin cikakken bincike, inda ake zaɓar sashe da reshe. Al'amuran takardar shaida a Firefox suna ƙarƙashin sashen Core, reshen Security: PSM, sannan ɗakin lambobin ɓoye bayanai da burauzar ke dogaro da shi, wato NSS, yana da nasa sashe. Amma ga matsalar da ta ɓulla kwana biyu da suka wuce, taƙaita bincike ga waɗannan wurare kawai kuskure ne, domin rahoton da talaka mai amfani ya shigar yakan fara sauka ne a reshen Untriaged na sashen Firefox, inda yake jira har wani ya duba shi ya kai shi inda ya dace. Haka nan gurbin zubi ba abin dogaro ba ne sosai, tun da masu kai rahoto da dama ba sa cike shi daidai. Abin da ya fi aiki a wannan lamari shi ne a bar sashe a buɗe, a taƙaita lokaci zuwa rahotannin da aka shigar ko aka taɓa daga 29 ga Janairu, a nemi lambar kuskuren a taken rahoto, sannan a wani bincike na biyu a nemi sunan Avast a cikin jikin bayanan da mutane suka rubuta. Rahoton da ya bayyana a duka binciken biyu shi ne ake nema.

Akwai wani sawu na bogi da ya kamata a ambata, domin a daidai wannan lokaci ya ɓatar da mutane. Makonni bakwai kacal kafin nan, a ranar 11 ga Disamban 2018, Firefox 64 ta daina amincewa da tsofaffin shaidodin Symantec da na rassanta irin su GeoTrust da RapidSSL da Thawte, bayan doguwar taƙaddama kan yadda kamfanin ya riƙa ba da shaidodi ba bisa ƙa'ida ba, taƙaddamar da ta kai ga sayar da wannan ɓangaren kasuwancin ga DigiCert a 2017. Saboda haka rumbun yana cike da sababbin rahotanni na shafukan da suka daina buɗewa bayan sabunta Firefox, kuma bayaninsu ya yi kama da na mai fama da Avast kamar an tsaga kara. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar Symantec tana shafar shafukan da masu su suka yi sakacin sauya shaida ne kawai, ba ta taɓa Google ko Mozilla, kuma sunan mai bayarwa da ke jikin shaidar yana raba lamuran biyu nan take.

Karanta rahoto a Bugzilla yana da nasa tsari. A saman shafin akwai matsayinsa: UNCONFIRMED idan ba wanda ya tabbatar da shi tukuna, NEW ko ASSIGNED idan an karɓe shi, RESOLVED idan an rufe. Rufewa kuma ba lallai ba ne ta zama gyara, domin kalmar da ke biye da ita ce ke bayyana dalili. FIXED na nufin an sauya lambobin manhajar. WORKSFORME na nufin an gwada ba a ga matsalar ba, ko ta ɓace da kanta. INVALID na nufin abin da aka kawo ba kuskuren Firefox ba ne, kuma rahotannin wannan lamba da yawa a nan suke ƙarewa, saboda burauzar ta yi abin da aka gina ta don ta yi. Mafi amfani ga mai bincike kuwa shi ne DUPLICATE, domin rahoton da aka rufe da wannan kalma yana ɗauke da lambar uwar rahoton da aka haɗe shi da ita, kuma bin wannan lamba yana kai mutum inda injiniyoyi ke magana. A irin wannan yanayi na gaggawa, yawan maimaicin da aka jingina wa rahoto guda cikin 'yan kwanaki alama ce mai ƙarfi cewa an isa wurin da ya dace.

A cikin uwar rahoton, bayanin farko shi ne na wanda ya kawo ƙorafin, kuma yana da kyau a gwada shi da abin da ke kan kwamfutar da ake dubawa: zubi guda ne, tsarin Windows ne, dukkan shafuka ne? Daga nan ba dole ba ne a karanta komai a jere. Bayanan ma'aikatan Mozilla, da canje-canjen da aka yi wa alamomin bin diddigin zubi na 65, da buƙatun ƙarin bayani da aka aika wa wasu mutane takamaimai, su ne ƙashin bayan labarin. A nan ne aka ga masu kula da fitar da zubi suna bayyana dakatar da sabuntawar Windows don kada matsalar ta ƙara yaɗuwa, kuma a nan ne ɓangaren Avast ya shigo ya sanar da cewa za su aika gyaran gaggawa wanda zai kashe binciken https ga Firefox. Wannan shi ne abin da rumbun ke bayarwa wanda ba a samu a wani wuri da wuri: ba dabarar kauce wa matsalar kawai ba, har da shawarar da masu alhakin suka yanke da kuma wanda ake jira ya motsa. Ma'aikacin da ya karanta wannan ya san cewa ba sai ya sake girka Windows a kan kowace na'ura ba, kuma ya san cewa maganin yana tafe ne daga kamfanin riga-kafin.

Dalilin da ya sa Firefox kaɗai ta faɗi

Manhajar riga-kafi ba ta iya duba abin da ke cikin haɗin https matuƙar yana rufe, don haka take tsayawa a tsakiya. Ita ce ke haɗuwa da shafin na ainihi, ta buɗe bayanan, ta duba su, sannan ta ƙirƙiri sabuwar shaida mai sunan shafin ta sa mata hannu da tushenta na kanta ta miƙa wa burauza. Don kada burauzar ta ƙi, manhajar takan shigar da wannan tushe cikin ma'ajiyar shaidodin Windows lokacin girka ta, kuma duk mai son gani da idonsa zai iya buɗe certmgr.msc ya same shi a cikin jerin amintattun tushe. A 2019 Chrome da Edge suna dogaro ne da wannan ma'ajiya ta Windows, don haka ba su ga wani abin zargi ba. Firefox kuwa tana tafe da nata jerin, wanda Mozilla ke kula da shi bisa nata sharuɗɗa, kuma kowace manhajar riga-kafi sai ta bi wata hanya ta daban ta sa Firefox ta amince da tushenta. A kan kwamfutocin da abin ya shafa, wannan mataki ne bai tabbata ba bayan sabuntawar, sai burauzar ta ga shaidar Google da hannun wanda ba ta sani ba, ta ƙi.

A ra'ayin wannan nazari, Firefox ba ta yi laifi ba da ta ƙi, domin abin da ta gani bai bambanta da abin da za ta gani ba idan ɓarawo ne ya tsaya a tsakiya. Amma gaskiyar fasaha ba ta biya wa mai amfani buƙata, wanda abin da ya sani kawai shi ne jiya burauzarsa tana aiki, yau ba ta yi, ta maƙwabcinsa kuma tana yi. Mozilla ta san cewa irin wannan mutum ba zai tuhumi riga-kafinsa ba, burauza zai sauya, kuma wannan ne ya sa ta ɗauki matsalar da ba daga lambobinta kaɗai ta taso ba a matsayin tata.

Hanyoyin da suke gaban ma'aikacin ba ɗaya suke ba a nauyi. Ƙara keɓancewa ga kowane shafi, wato a ce wa burauza ta amince duk da gargaɗin, ba ya yiwuwa ma a kan manyan shafukan da ke ƙarƙashin HSTS, domin a kansu Firefox ba ta ba da wannan zaɓi sam, kuma inda yake yiwuwa yana koya wa ma'aikatan ofis ɗabi'ar danna amincewa ba tare da dubawa ba. Komawa zubi na 64 yana nufin watsi da gyare-gyaren tsaron da suka zo da na 65. Shawarar da ake yawan samu a tsofaffin rahotanni, ta a goge cert9.db ko a buɗe sabon furofayil, magani ce ga lalataccen fayil, amma a nan ba ta da amfani, har ma tana iya jawo matsalar a inda babu ita, tun da sabon fayil ba ya ɗauke da tushen riga-kafin da aka shigar a tsohon. Wannan misali ne na yadda rahoto mai lamba iri ɗaya da dalili daban yake cutar da wanda ya bi shi ido rufe.

Hanyoyi biyu ne suka rage masu ma'ana. Ta farko ita ce a shiga saitin manhajar riga-kafin a kashe binciken https, wanda kuma shi ne gwajin da ke tabbatar da ganewar: idan aka kashe shi shafuka suka buɗe, kuma sunan mai ba da shaida ya koma na hukumar ainihi, magana ta ƙare. Ta biyu ita ce a buɗe about:config, wato shafin ɓoyayyun saitunan Firefox, a mayar da security.enterprise_roots.enabled zuwa true, saitin da ke cikin Firefox ta Windows tun zubi na 49, wanda ke sa burauzar ta amince da tushen da mai kwamfuta ko mai kula da ita ya ƙara wa Windows. Ga ofis mai na'urori da yawa, ana iya yin haka gaba ɗaya ta dokar ImportEnterpriseRoots a cikin fayil ɗin policies.json ko ta tsarin dokokin rukuni na Windows, maimakon a bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya.

Zaɓi tsakanin biyun ya dogara ga ko ana son shiga tsakanin ya ci gaba. A 2017 wasu masu bincike daga jami'o'in Amurka tare da ma'aikatan Google da Mozilla da Cloudflare sun gabatar da nazari a taron masana tsaron intanet na NDSS inda suka auna cewa tsakanin kashi 4 zuwa kusan kashi 11 cikin ɗari na haɗin https da suka duba an shiga tsakaninsa, kuma da yawa daga cikin manhajojin da ke yin hakan suna raunana tsaron haɗin maimakon ƙarfafa shi. A watan Maris na 2017 hukumar tsaron intanet ta Amurka, wato US-CERT, ta fitar da gargaɗi a kan batun. Dalilin a fili yake: da zarar riga-kafi ya tsaya a tsakiya, burauza ba ta ƙara ganin shaidar ainihi, kuma duk tantancewar da za ta yi ta koma hannun wata manhaja da ba lallai ta kai ta tsanani ba. Ga kwamfutar mutum ɗaya, kashe binciken https ya fi dacewa, tun da riga-kafin zai ci gaba da duba fayilolin da suka sauka a kan faifai. Ga ma'aikatar da dokarta ta wajabta duba abin da ke shiga da fita, hanya ta biyu ce, bayan an tabbatar cewa tushen da ke cikin Windows wanda ma'aikatar ta sani ne.

Wannan tabbatarwa ba ƙa'idar banza ba ce. A 2015 an gano cewa wasu kwamfutocin Lenovo sun zo daga masana'anta da manhajar talla ta Superfish, wadda ta shigar da tushenta cikin Windows da mabuɗin sirri guda a kan dukkan na'urorin, har duk wanda ya ciro mabuɗin zai iya ƙirƙirar shaidar kowane shafi. A watan Yulin 2019 kuma kamfanonin sadarwa a Kazakhstan sun buƙaci masu amfani su shigar da tushen gwamnati, lamarin da aka tattauna a Bugzilla kafin Mozilla da Google da Apple su toshe wannan tushe a watan Agusta. Ga wanda bai shigar da tushen ba, alamar da zai gani a allo ba ta da nisa da wadda mai Avast ya gani. Sunan mai bayarwa ne ke faɗa ko za a kunna wani saiti ko za a cire kwamfutar daga layin.

Game da ko ma'aikacin ya kamata ya rubuta wani abu a rahoton, ƙa'idar Bugzilla tana hana bayanan da ba su wuce cewa ni ma haka ta same ni ba, domin kowane bayani yana aika saƙo ga duk masu bin rahoton, kuma yana binne maganar injiniyoyi. Wanda yake son labari sai ya sa kansa cikin jerin masu bi. Wanda yake da sabon abu, kamar riga-kafin da ba a ambata ba, ko zubin da gyaran bai yi wa aiki ba, sai ya rubuta shi a taƙaice tare da zubin Firefox da na Windows da na riga-kafin da sunan mai ba da shaidar, yana lura cewa rumbun a buɗe yake ga kowa, don haka salsalar shaidar shafin cikin gida na ma'aikata za ta iya tona sunayen da ba a so su fita.

Bayan gyaran gaggawa

Avast ta aika gyaranta, Mozilla ta ci gaba da rarraba zubi na 65, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin tushen matsalar yana nan: kowace manhajar riga-kafi tana iya sake faɗawa ramin a kowace sabuntawa. Firefox tana da lamba ta musamman don wannan yanayi tun zubi na 61, wato MOZILLA_PKIX_ERROR_MITM_DETECTED, sai dai ba koyaushe take iya gane cewa shiga tsakani ne ba, shi ya sa mutane da yawa suka ga lambar gama-gari. Zubi na 66, wanda ya fito a watan Maris na 2019, ya zo da sabon shafin gargaɗi da ke ambaton sunan manhajar da ta ba da shaidar idan an gano ta, wato aikin da ma'aikacin ya yi da hannu na ciro shaida da buɗe ta ya koma kan allo. Zubi na 68, na ranar 9 ga Yuli, ya ƙara mataki: idan burauzar ta gano shiga tsakani, sai ta kunna saitin amincewa da tushen Windows da kanta ta sake gwadawa, kuma idan hakan ya warware matsalar ta bar shi a kunne. A zubin ESR 68 da ma'aikatu ke amfani da shi, an kunna saitin tun daga farko. Hujjar Mozilla ita ce duk manhajar da ke da ikon ƙara tushe a Windows tana da ikon ƙara shi a Firefox ma, don haka ƙin amincewa da shi bai kare kowa ba. An kuma ƙara sanarwa a filin bayanin shafi da ke nuna cewa ba hukumar da Mozilla ta sani ce ta tabbatar da haɗin ba.

A watan Nuwamban 2023, zubi na 120 ya mayar da shigo da tushen da aka ƙara wa tsarin kwamfuta ya zama abin da ke kunne tun farko a Windows da macOS da Android. Rahotannin 2019 suna nan a rumbun, kuma suna fitowa ga duk wanda ya nemi wannan lamba tare da sunan wani riga-kafi, amma shawarar da ke cikinsu ta kunna saitin ta riga ta zama halin burauzar na yau da kullum a waɗannan tsare-tsare. Wanda ya ga wannan kuskure a kan dukkan shafuka a Firefox ta yanzu zai fara ne da duba ko wata dokar ofis ta kashe saitin, wanda shafin about:policies ke nunawa, ko tushen ma bai shiga ma'ajiyar Windows ba, ko kuwa kwamfutar tana kan Linux ne, inda wannan shigowar ba ta aiki kuma dole a shigar da tushen cikin Firefox ta wata hanya dabam.